Sharhi: Mudu Biyu a Hannun Masu Fassara Doka



Sharhinmu na yau zai tashi ne daga wani shagon aski a birnin Rochester na jihar New York, a Amurka. Ranar 1 ga Nuwamban 1872 an mayar da shagon wurin rajistar masu zaɓe, sai ga wata mata mai shekara 52, Susan B. Anthony, ta shigo da 'yan'uwanta mata uku, ta ce a rubuta sunayensu. Samarin da ke kan teburin suka ce ai mata ba sa zaɓe. Ta karanto musu gyaran fuska na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar shekara huɗu kafin nan, wanda ya ce duk wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma babu jihar da ke da ikon tauye masa haƙƙinsa. Ta ce in suka ƙi, za su haɗu a kotu. Suka rubuta. Ranar 5 ga wata ta kaɗa ƙuri'arta tare da wasu mata 14, kuma kafin mako biyu su cika jami'in gwamnatin tarayya ya yi sallama a ƙofar gidanta da takardar kamu.

Takardun kamun da na shari'ar su ne abin dubawa. Bugaggu ne tun asali, irin waɗanda ake ajiyewa a ofis sai a cike suna kawai, kuma daga sama har ƙasa da namiji suke magana: shi ne ya aikata, an same shi, a kawo shi. A Turanci harafi ɗaya tal ne ya raba "shi" da "ita". Sai akawun kotu ya ɗauki alƙalami yana bi layi-layi, yana maƙala harafin a sama, inda kuma ya ga "nasa" ya soke ya mayar "nata". Susan ta riƙe wannan abu gam, ta yi ta yawo da shi gari-gari tana faɗa wa jama'a kafin ranar shari'a. Hujjarta mai sauƙi ce. Dokar haraji da "shi" aka rubuta ta, amma ana karɓar haraji a hannun mata. Dokar laifuka ma haka, amma ana ɗaure mata, har a rataye su. Dokar da ake tuhumarta da karyawa ita kanta ba ta ce "ita" ko sau ɗaya ba. To in "shi" ya ishe a kama mace, me ya hana ya ishe ta kaɗa ƙuri'a? Ko dai a bar ta ta yi zaɓe, ko a daina karɓar harajinta a kuma daina gurfanar da ita.

Lauyan gwamnati ya ga ta gama zagaye yankin da za a ɗebo masu taya alƙali yanke hukunci, sai ya sa aka ɗauke shari'ar zuwa garin Canandaigua. A watan Yunin 1873 mai shari'a Ward Hunt ya hana ta ba da shaida da bakinta, ya ciro hukuncin da ya riga ya rubuta ya karanta, ya umarci masu taya shi, maza 12, su ce ta yi laifi ba tare da sun fita sun yi shawara ba. Ya ci ta tarar dala 100. Ta ce ko dala ɗaya ba za ta biya ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta a 1906 ba ta biya ba. Shi kuwa alƙalin, da yake ya san kan aikinsa, ya ƙi tura ta kurkuku a kan rashin biyan, domin ɗaurin ne zai buɗe mata hanyar zuwa kotun ƙoli.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar hatsi ya san mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Haka aka yi da kalmar nan shekara da shekaru. In wajibi ne ko horo, sai a auna da babban mudu, a ce ai kowa ya shiga. In haƙƙi ne ko kujera, sai a janyo ƙaramin, a ce maza ake nufi. Abin da nake so mu bi sawunsa ke nan yau, don labarin bai tsaya a Amurka ba.

Mu koma baya kaɗan. Takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 4 ga Yulin 1776, wadda Thomas Jefferson ya tsara, ta ce an halicci kowa daidai, amma kalmar da ta ɗauka ita ce wadda Bature ke amfani da ita ga maza, wadda kuma idan ya ga dama sai ya ce mutane duka yake nufi. Masu kare dattawan da suka yi shelar sukan ce haka harshen zamanin yake, tuya ce kawai aka yi aka manta da albasa. Tarihi bai goyi bayansu ba, domin an tuna musu. Ranar 31 ga Maris na shekarar, Abigail Adams ta rubuta wa mijinta John Adams, ɗaya daga cikin jiga-jigan taron da ya fitar da shelar, ta ce in sun zo tsara sababbin dokoki su tuna da mata, kada su damƙa wa mazaje iko marar iyaka. Ya amsa mata da cewa abin dariya ya ba shi. Bayi ma haka kalmar ta tsallake su, ga Jefferson kansa da ɗaruruwan bayi a gonarsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa tana jihar New Jersey. Tsarin mulkinta na 1776 ya ba duk mazaunin jihar da ya mallaki dukiyar fam 50 damar zaɓe, bai ce namiji ba. Sai zawarawa da matan da ba su yi aure ba, masu abin hannunsu, suka riƙa fita suna zaɓe, har wata dokar zaɓe ta 1790 ta fito fili ta ce "shi ko ita". Ƙasa ba ta tsage ba. An yi shekara talatin ana haka, sai a 1807 majalisar jihar ta fake da maguɗin da aka tafka a wani zaɓe, ta ce daga yau sai farar fata namiji. Ashe in an bar rubutu a buɗe mata na shiga, sai an tashi takanas an rufe.

A 1840 aka yi babban taron yaƙi da cinikin bayi a Landan, aka hana wakilai mata zama cikin zauren, aka ware su gefe su saurara. A can Lucretia Mott da Elizabeth Cady Stanton suka san juna, kuma takaicin wannan rana na cikin abin da ya haifi taron Seneca Falls na Yulin 1848. Dabarar da Stanton ta yi ta burge ni ƙwarai. Ba ta ƙirƙiro sabon zance ba. Ta ɗauko takardar 1776 ɗin da kowane yaron makaranta ya haddace, ta bi ta jimla-jimla, inda aka ce maza ta ƙara "da mata", inda kuma aka jero laifukan Sarkin Ingila ta jero abin da doka ke yi wa mace: ba ta zaɓe, in ta yi aure dukiyarta da ladan aikinta sun zama na miji, in an rabu 'ya'ya nasa ne, manyan makarantu a rufe suke gare ta. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68, maza 32. Batun ƙuri'a ma da ƙyar ya wuce, don har cikin matan akwai masu ganin an yi nisa, sai da Frederick Douglass, wanda shi kansa daga bauta ya gudo, ya miƙe ya mara masa baya.

Bayan yaƙin basasar Amurka aka zo gyaran fuska na 14 a 1868, wanda Susan ta karanta a shagon aski. Sakin layinsa na farko ya ce kowa, amma na biyu, inda ake maganar masu zaɓe, ya ce "namiji" ƙarara har sau uku, karo na farko da kalmar ta shiga kundin. A 1875 kotun ƙoli ta rufe zancen a shari'ar Virginia Minor ta jihar Missouri, matar da sai da mijinta ya sa sunansa kafin a karɓi ƙararta, don matar aure ba ta da ikon kai ƙara ita kaɗai. Alƙalan baki ɗaya suka ce tabbas mace 'yar ƙasa ce, sai dai zama ɗan ƙasa bai ƙunshi ƙuri'a ba. Sai a Agustan 1920 gyaran fuska na 19 ya tabbata, shi ma da rinjayen ƙuri'a ɗaya a majalisar jihar Tennessee, ta wani matashi mai shekara 24, Harry Burn, wanda mahaifiyarsa ta aiko masa wasiƙa ta ce ya yi abin da ya dace. Baƙaƙen mata na kudancin ƙasar kuwa, yawancinsu sai bayan dokar zaɓe ta 1965 suka iya kusantar akwati lafiya.

Wanda ke zaton rashin fayyace doka ne ya jawo haka, ya leƙa Ingila. Su a can sun fayyace. A 1850 majalisarsu ta yi doka cewa duk inda wata doka ta yi magana da lafazin namiji, to har da mace, sai fa in an faɗi akasin haka a fili. A 1867 ana muhawara kan sabuwar dokar zaɓe, John Stuart Mill ya nemi a cire kalmar namiji a sa wadda ta game kowa, aka kayar da shi da ƙuri'a 196, shi yana da 73. Sai mata suka ce to shi ke nan, a bar kalmar yadda take, ai dokar 1850 ta riga ta shigar da mu. A shekarar ma wata mai shago a Manchester, Lily Maxwell, sunanta ya faɗa cikin rajista bisa kuskure, ta je ta kaɗa ƙuri'arta, aka ƙirga. Mata fiye da 5,000 a birnin suka nemi a yi musu rajista. Magana ta je kotu a 1868, alƙalai suka duba dokar 1850 da idonsu, suka ce ba ta shafi zaɓe ba, domin tun kaka da kakanni mace ba ta zaɓe. Wato al'ada ta rinjayi rubutu, a hannun mutanen da aikinsu shi ne bin rubutu. Matan Birtaniya sai 1918 waɗanda suka kai shekara 30 suka samu, daidaito da maza kuma sai 1928.

A Kanada abin har ya fi haka ban mamaki. Can kalmar ma ba ta namiji ba ce, cewa aka yi mutanen da suka cancanta ne za a naɗa majalisar dattawa. Duk da haka a 1928 kotun ƙolin ƙasar ta ce mata ba sa cikin waɗannan mutanen, sai da mata biyar ƙarƙashin Emily Murphy suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan aka warware hukuncin a Oktoban 1929.

Nan ne nake rabuwa da masu ganin cewa da zarar an bi kundi an mayar da kowane "shi" ya koma "shi ko ita", an gama. Mu Hausawa ma muna cewa ɗan Adam, ɗan ƙasa, ɗan takara, kuma babu mai hankalin da zai ce uwarsa ba ta cikin 'yan Adam. Kanada ta nuna ana iya fitar da mace da kalmar da ba ta da jinsi, New Jersey ta nuna ana iya shigar da ita ba tare da an ambace ta ba. Abin da ya raba su shi ne waɗanda ke zaune a kujerar fassara, da abin da suke tsoron rasawa. Amma kuma ba na tare da masu cewa ai kalma ce kawai, a bar ta. Kalma mai fuska biyu tana ba mai iko inda zai ɓuya, ya hana ki haƙƙinki ba tare da ya taɓa cewa ya hana ba. Wata 'yar Indiya, Hansa Mehta, ta gane haka lokacin da ake tsara shelar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Daftarin sashe na farko ya zo da tsohuwar kalmar nan ta 1776, shugabar kwamitin ma, Eleanor Roosevelt, tana ganin ba komai, kowa ya san abin da ake nufi. Mehta ta kafe cewa akwai ƙasashen da za su karanta ta a matsayin maza zalla. Aka canza, shelar da aka amince da ita ranar 10 ga Disambar 1948 ta ce dukkan 'yan Adam.

Faransa na da nata labarin, kuma shi ne zai kawo mu gida. Shelarsu ta Agustan 1789 ta haƙƙin mutum da ɗan ƙasa, ita ma da lafazin namiji take. Bayan makonni kaɗan matan kasuwar Paris ne suka taka a ƙafa har fadar Versailles saboda tsadar burodi, suka taso sarki a gaba zuwa cikin birni, amma da aka zo rabon haƙƙi aka ce su koma gida. A 1791 wata marubuciya, Olympe de Gouges, ta fitar da tata shelar mai sashe 17, ta mace da 'yar ƙasa. A sashe na 10 ta kawo hujjar da Susan za ta maimaita bayan shekara 80: tunda doka ta yarda a hau da mace dandamalin kisa, dole ta yarda ta hau dandamalin jawabi. Ranar 3 ga Nuwamban 1793 aka fille mata kai. Don kada a yi wa tarihi ƙari, laifin da aka kama ta da shi shi ne rubuce-rubucenta na sukar masu mulkin lokacin, su Robespierre. Amma kwana huɗu kafin nan an haramta duk ƙungiyoyin siyasa na mata, kuma jaridun gwamnati sun yi amfani da kisanta suna gargaɗin mata su san matsayinsu. A 1848 Faransa ta shelanta zaɓe na kowa da kowa, ta bar rabin al'umma a waje. Matanta sai Afrilun 1944 aka ba su, suka fara zaɓe a 1945.

A 1956 Faransa ta yi dokar da ake laƙaba wa sunan Gaston Defferre, wadda ta ba duk baligi, mace da namiji, ƙuri'a a yawancin ƙasashen da take mulka, har da Nijar. Saboda haka a zaɓen raba gardama na 1958, Bahaushiyar Maraɗi ko Damagaram tana da haƙƙin ƙuri'a a doka. 'Yar'uwarta da aka aurar Jibiya ko Daura, yare ɗaya, addini ɗaya, wataƙila ma kaka ɗaya, ba ta da shi. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudancin Najeriya sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba, kuma a nan babu wata kalma mai fuska biyu, a fili aka rubuta cewa a Jihar Arewa maza ne masu zaɓe. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba. NEPU ta su Malam Aminu Kano ta ce ya yi, kuma wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta a kan haka ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar. Ta sha duka, ta sha ɗauri, an kore ta daga Kano, duk a kan tara mata tana yi musu maganar siyasa. Ku lura, kotunan da suka ɗaure ta ba su taɓa cewa doka ba ta san da mace ba. Matan Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, zamanin soja, suka fara zaɓe, sannan babban zaɓen 1979. Yau kowa ya ga layin mata a rumfunan zaɓe na Kano ko Katsina ya san 'yan siyasar da suka gaji masu cewa lokaci bai yi ba, su ne kan gaba wajen rabon atamfa da sabulu.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma da "shi" yake magana kusan ko'ina, har a sashe na 131 mai sharuɗɗan zama shugaban ƙasa. Wannan bai hana Farfesa Remi Sonaiya tsayawa takara a 2015 ba, domin mun gaji irin dokar nan ta Ingila mai cewa lafazin namiji ya haɗa da mace, ga kuma sashe na 42 da ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Ƙaiƙayin yana inda kundin ya ambaci mace da sunanta. Sashe na 26 ya ce matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Bai ce komai ba a kan mijin 'yar Najeriya, kuma dokar fassara ba ta aiki ta baya, lafazin mace ba ya haɗawa da namiji. Ga mutanen kan iyaka wannan zance ne na yau da kullum. Ɗan Illela ya auro 'yar Ƙonni, hanyarta gajera ce. Ƙanwarsa ta auri ɗan Ƙonni, ko ɗan Sudan, ko ɗan Chadi, mijinta sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 a ƙasar da sauran sharuɗɗa. 'Ya'yansu dai kundin ya yi musu adalci, suna samun zama 'yan ƙasa ta uwa ko ta uba. Amma saƙon da ke ƙarƙashin sashen a bayyane yake, namiji na iya jawo wani cikin ƙasarsa, mace kuwa ana ɗaukar ita ce mai bin wani.

Ranar 1 ga Maris 2022, ranar farko ta watan da duniya ke bikin mata, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan gyaran kundin, ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Ciki har da na gyara sashe na 26, da na ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, da na ware wa mata kujeru na musamman. Mata suka yi dafifi a ƙofar majalisar a Abuja kwana da kwanaki, har Majalisar Wakilai ta ce ta janye matakinta a kan uku daga ciki za ta sake dubawa. Majalisar dattawan da aka zaɓa bayan nan, a 2023, mata huɗu ne a cikinta daga kujeru 109, kuma gyare-gyare 16 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na shekarar, babu wanda ya taɓa sashe na 26.